Tozalin Inna, zinariyar ƙanena, da yadda jiki ke ɗaure ƙarfe

Kwana uku da haihuwar 'yata ta biyu na dawo gida a nan Mayo, na tarar da Inna ta ɗora jaririyar a cinya, ta buɗe ɗan tandun tozalinta, tana shirin zizara mata. Na ce, "Inna, don Allah a ɗan dakata da wannan." Ta ɗago kai ta dube ni, irin kallon da ta saba yi mini tun ina yaro.

"Kai da wa aka sa wa? Ba ga ka nan ba, har ana ce maka ustaz?"

Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Na san akwai dalma a tozali, amma abin da na sani bai wuce layi biyu da muka haddace a kwalejin horar da malamai ba. Sai na koma karatu. Abin da na fara ganowa shi ne, tambayar Inna ba ta banza ba ce. Jiki yana da hanyar kama ƙarfe ya ɗaure shi, shi ya sa da yawa daga cikinmu muka sha da ƙyar ba mu ma sani ba. Sai dai wannan ɗaurin yana da iyaka, kuma akwai ƙarfen da ya iya zille masa.

Bari in fara da jan ƙarfe, wanda a nan muke ce wa nahas, domin a kansa ne aka fi gane yadda abin yake. Mu da shi tsofaffin abokan hulɗa ne. A kudu maso yammacin Darfur akwai tsohuwar mahaƙa da ake kira Hufrat an-Nahas, kuma Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa fatake na kai jan ƙarfen wannan wuri har kasuwar Kano. Wato tun kafin kakannin wasunmu su biyo hanyar gabas su zauna a Mai Wurno, ƙarfen ƙasar nan ya riga ya yi tafiyar yamma.

A jikin baligi akwai jan ƙarfe kimanin miligiram 100. Bai kai nauyin ƙwayar wake guda ba. Abin da mutum ke buƙata a rana bai cika miligiram ɗaya ba, kuma yana samunsa a wake, gyaɗa, riɗi da hanta. Amma in babu wannan 'yar mitsitsiyar, ƙwayoyin halittar jiki ba za su iya amfani da iskar da muke shaƙa su fitar da ƙarfi ba, jini ba zai ƙeru yadda ya kamata ba, jijiyoyin jini za su yi rauni, gashi ma zai kasa yin baƙi.

To ga matsalar. Abin da ya sa jan ƙarfe ke da amfani, shi ne kuma ya sa yake da haɗari. Yana da saurin karɓa da bayar da cajin lantarki. In yana inda aka ajiye shi, aiki yake yi. In ya kuɓuce yana yawo a cikin ƙwayar halitta, sai ya riƙa haifar da wasu sinadarai masu ƙuna da ke cin bangon ƙwayar da kayan gadon da ke cikinta, ya kuma kori wasu ƙarafan daga mazauninsu ya zauna.

Da na zo bayyana wa ɗalibaina wannan, sai na tuna musu da ɗiban wuta. Wanda ya tashi a gidan da ake girki da gawayi ya san in aka aike ka maƙwabta ɗebo wuta, ba a tafin hannu ake zuba maka garwashi ba. A kasko ko a sakaina ake sa maka, ka kai shi murhu kai tsaye, ba ka tsaya wasa a hanya ba. Haka ƙwayar halitta take yi. A bangonta akwai wata ƙofa ta musamman da masana suka sa wa suna CTR1, ta nan jan ƙarfe ke shiga. Yana shiga sai wasu ƙananan furotin su tarbe shi, 'yan rakiya ke nan, kowanne da inda yake kai nasa. Wani ya kai wa injin da ke samar da ƙarfi, wani ya kai wa furotin da ke kashe waɗancan sinadarai masu ƙuna, wani kuma ya kai bakin famfon da ke fitar da rara. Hannu da hannu ake miƙa shi. A 1999 wasu masu bincike a Amurka suka yi lissafi a kan ƙwayar yis, wato hamirar burodi, suka nuna cewa jan ƙarfen da ke yawo sake babu mai riƙe da shi bai kai ƙwaya ɗaya ba a cikin ƙwayar halitta guda, alhali akwai dubbai a ɗaure. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi tasbihi.

In kuma ya yi yawa fa? A nan ne ma'ajin gidan ke fitowa. Sunansa metalotayonin. An gano shi a 1957, lokacin da Margoshes da Vallee na Jami'ar Harvard suka ciro wani furotin daga ƙodar doki suka tarar yana cike da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam. Ƙaramin abu ne, tubalansa kusan 61 ne kawai, amma 20 daga ciki duk iri ɗaya ne, mai ɗauke da farar wuta, wato kibrit. Ƙarafa masu nauyi kuwa suna da ƙaunar farar wuta, suna ganinta sai su manne. Don haka wannan ɗan furotin ya zama kamar awartakin maƙeri mai baki ashirin. Guda ɗaya na iya riƙe ƙwayar zink ko kadmiyam bakwai, ko ta jan ƙarfe har goma sha biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a tara shi da yawa a ajiye. Sai ƙarfe ya ƙaru a cikin ƙwayar, wani ɗan saƙo ya ji, ya ruga cibiyar ƙwayar ya ba da umarni a ƙera ƙarin awartaki. A zaman lafiya zink yake riƙewa. Da kadmiyam ko zaiba ko rarar jan ƙarfe sun shigo, da yake sun fi zink ƙarfin kamu, sai su ture shi su zauna, zink ɗin da aka tura kuma shi ne ke ƙara tayar da ɗan saƙon. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Yis ɗin da ya saba zama inda jan ƙarfe ya yi yawa yakan ninka umarnin ƙera nasa ma'ajin sau da yawa. Tsirrai kuma suna da nasu igiyoyin masu farar wuta, su ɗaure ƙarfen su jefa shi cikin wata jaka a tsakiyar ƙwayar.

Ɗaurewa daban, fitarwa daban. Fitar da rarar jan ƙarfe aikin hanta ne. Tana da wani famfo mai suna ATP7B da ke tura shi cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita da bayan gida. Akwai waɗanda ake haifa famfon nan nasu bai aiki, kamar mutum ɗaya cikin 30,000. Ita ce cutar Wilson, da sunan likitan da ya bayyana ta a Landan a 1912. Yaro zai yi shekaru lafiya lau, domin ma'ajin hanta na ta ɗaurewa. Ran da rumbun ya cika sai hanta ta fara lalacewa, ƙarfen ya malala zuwa ƙwaƙwalwa, hannu ya kama rawa, magana ta sarƙe, wani zobe mai ruwan ƙasa ya fito a gefen baƙin ido. Sai an gado ta daga uwa da uba duka biyu take bayyana, don haka mu da muke yawan auren zumunci ya kamata mu san da ita. Saurayin da ke da ciwon hanta tare da rawar hannu da canjin hali, kafin a ce iska ce, a kai shi likita ya duba idonsa.

Ɗaya daga cikin magungunanta ma dabara ce a kan wannan ma'ajin. Ana ba majinyaci zink. Zink ɗin ya sa ƙwayoyin bangon hanji su ƙera metalotayonin da yawa, shi kuma ya cafke jan ƙarfen da ke cikin abinci tun a bakin ƙofa. Bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin bangon hanji su tsufa su zube, su tafi da kayansu. Wannan kuma gargaɗi ne ga masu shan ƙwayar zink barkatai tun zamanin korona: in aka daɗe ana sha da yawa, mai lafiya ma zai rasa jan ƙarfen da yake buƙata, jininsa ya ragu.

Ko da famfo lafiyayye ana iya fin ƙarfinsa. A Indiya an daɗe ana fama da wani ciwon hanta mai kashe ƙananan yara, daga baya aka danganta shi da dafa madara da ajiye ta a tukwanen tagulla. Da aka sauya tukwane sai ciwon ya ja baya ƙwarai. Tsofaffinmu da ke kai tukunyar nahas a shafe cikinta da farin kuza, suna kuma hana barin tsami ya kwana a ciki, sun san abin da suke yi. Koren tsatsar nan da ke fitowa, jan ƙarfe ne ya narke.

Duk wannan tsari an gina shi ne a kan ƙarafan da jiki ya sani kuma yake buƙata. Kadmiyam, wanda ke cikin hayaƙin taba da wasu batura, yana faɗawa tarkon, amma jiki ba shi da famfon fitar da shi. Sai ya taru a ƙoda a ɗaure, shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita, har ranar da ma'ajin ya kasa.

Dalma kuwa, wadda a nan ake ce wa rasas, ita ce ɓarawon da ya shigo da rigar ɗan gida. Ba ta da aikin komai a jiki, ko kaɗan. Amma a idon ƙwayar halitta ta yi kama da kalsiyam, sinadarin ƙashi, ta kuma iya zama a kujerar zink. Hanji yana ɗaukarta da zaton abinci ne. Ta shiga jini ta zauna a kan wani furotin da ke ƙera jan launin jini, ta kori zink ɗinsa, aikin ya tsaya, yaro ya yi fari fat. Ta haura ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da kalsiyam, ta rikita saƙon a daidai shekarun da ake shimfiɗa hanyoyin koyo. Ma'ajin yana kama kaɗan daga cikinta, amma ba ta tayar da shi kamar yadda zink ko kadmiyam ke yi. Abin da jiki ke yi da mafi yawanta shi ne ya kai ta ƙashi da haƙori ya binne. A jikin baligi fiye da kashi 90 cikin ɗari na dalmar da ke jikinsa a ƙashi take, kuma tana iya yin shekaru gommai a can.

Binnewar ma ba ta har abada ba ce. Mace in ta ɗauki ciki ko tana shayarwa, jikinta kan ciro kalsiyam daga ƙashinta don ɗan, dalmar da ta kwanta tun tana budurwa sai ta biyo, ta ratsa mahaifa. Yaro ƙarami kuma hanjinsa na ɗaukar ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba zai ɗauka, ya fi haka in yana jin yunwa ko yana da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

'Yan uwanmu na Zamfara a Najeriya sun ga ƙarshen abin. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyuka, ba wanda ya kula. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara na ta suma suna mutuwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi kuma bai yi musu komai. Ashe dutsen zinariyar da maza ke haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 'Yargalma da Dareta, binciken da aka yi gida-gida ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Na'urar gwajin da aka zo da ita iyakarta 65 a ma'aunin dalmar jini, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. An ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka mutu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Maganin da aka ba waɗanda suka tsira, mai suna DMSA, kwaikwayon ma'ajin jiki ne: ɗan sinadari mai baki biyu na farar wuta, ya kama dalmar da ke jini ya fita da ita ta fitsari. Amma likitocin sun dage sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, shi ya sa yaran Bagega suka jira har 2013. Kuma maganin yana ceton rai ne, ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. A matsayina na malami wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Nakan tuna yaran da na taɓa yi wa tsawa a aji saboda ba sa riƙe karatu, ban taɓa tambayar abin da ake yi a tsakar gidansu ba.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Zamfara ne, mu ina ruwanmu. Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, zinariya ta zama abin dogaron Sudan, kuma mafi yawanta 'yan dahaba ne ke haƙowa da hannu, daga Abu Hamad zuwa Jabal Amir. Bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ƙanena ya bi sahu ya tafi kasuwar niƙan dutse ta Abidiyya a Jihar Kogin Nilu. Su tasu gubar zaiba ce, wadda ake kira zi'bak. Ana cuɗa ta da garin dutse a cikin ruwa da hannu, ta tattara zinariyar ta zama ɗan curi, sannan a ƙona curin, zaibar ta tashi, zinariya ta rage. Kusan rabin nauyin curin nan zaiba ce, kuma duk iska take shiga.

Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari. Huhu na ɗaukar kusan kashi 80 cikin ɗari na wanda aka shaƙa. Da yake a wannan siffa ba ta ɗauke da caji, tana ratsa katangar da ke kare ƙwaƙwalwa kamar babu ita. Tana shiga sai jiki ya sauya mata siffa, ta kasa fitowa. Ƙoda na ɗaure mai yawa da metalotayonin, amma wadda ta tsallake tana manne wa farar wutar da ke jikin furotin masu aiki, ta tsayar da su. A watan Oktoban 2019 majalisar ministoci ta ba da umarnin daina amfani da ita a haƙar ma'adinai. Wanda ya je wuraren ya san inda umarnin ya tsaya.

Da ƙanena ya zo ganin gida, na lura kofin shayi na kaɗawa a hannunsa, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya hau faɗa, shi da ba a jin bakinsa. Dasashinsa kuma na jini. Wata safiya na kama shi a bayan ɗakin girki da cokali da garwashi, zai ƙona wani ɗan curi da ya ɓoyo.

"Yaya, ɗan kaɗan ne fa, minti biyu an gama."

Na ce masa minti biyun nan bango da katifa da tufafin yara za su sha shi, su yi ta mayar mana da shi watanni. Ya yi fushi, amma ya kashe wutar. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe mai bututu da ake ƙona curin a rufe, tururin ya huce ya koma ruwan zaiba a sake amfani da shi. Maƙerin unguwa zai iya haɗa ta da guntayen bututun ruwa. Na zana masa ita a takarda. Ya ce masu sayen zinariya ba sa son abin da ba su ga ƙonarsa da idonsu ba.

Na dawo kan tozali. Na san ana sa shi da niyyar sunna, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da zan iya faɗa shi ne, dutsen nan mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan ismid, sau da yawa in aka gwada shi sai a tarar dutsen dalma ne, wanda fiye da kashi 86 cikin ɗari na nauyinsa dalma ce tsantsa. A 2011 a birnin Boston na Amurka an sami wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, da dalma a jininsa. Aka bincika gidan ba a sami komai ba sai tozalin da ake sa masa, wanda gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Ba ta fatar ido take shiga ba sosai. Hawaye ne ke wanke shi ya bi 'yar hanyar da ta haɗa ido da hanci ya sauka maƙogwaro, jariri kuma ya murza ido ya tsotsi yatsa. Masu barbaɗa shi a cibiya sun fi kusantar da shi ga jini.

Na zauna da Inna bayan sallar isha'i na yi mata bayanin garwashi da kasko, da ɓarawo mai rigar ɗan gida, da dalmar da ke kwance a ƙashi. Ta saurara har ƙarshe, tana jan carbi. Sai ta ce, "To ni da na yi shekara sittin ina sawa, ƙashina duk dalma ke nan?" Na ce wataƙila akwai, amma ke kin gama girma, ita kuwa yanzu ake gina ta.

Ba ta ce na yi gaskiya ba, Inna ba ta faɗin haka. Washegari dai tandun ya koma ƙasan akwatinta, ranar suna kuma aka fito da yarinya ido fari, 'yan barka suna ta tambaya ko mantawa aka yi. Ita Inna har yau tana sa nata ranar Juma'a, amma takan wanke hannu da sabulu kafin ta karɓi jikar. Ƙanena ya koma Abidiyya da takardar zanen a aljihu. Da muka yi waya makon jiya na tambaye shi hannun, ya ce da sauƙi, sai ya sauya magana.